Inna, Sun Ce In Jira

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Habsu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima inda kike. Ramatu ce, autarki.

Inna, sakamakon konkur, wato jarrabawar neman gurbin kine, ya fito, karatun nan na motsa gaɓoɓin marasa lafiya da nake son ƙarowa a waje. Ba su ɗauke ni ba, ba su kuma kore ni ba. Sun ce ni ce ta farko cikin masu jira, sai wani da aka zaɓa ya fasa sannan in shiga. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Ko salular maƙwabta ce ta yi ƙara, sai in jawo tawa in duba ko su ne.

Kin tuna ranar da aka kawo ki daga gonar Gaffati a amalanke, baki ya karkace, hannun dama ya saki? A likita aka ce kine kike buƙata, mai yin ta kuwa ya yi mana nisa. Ni na zauna da man shanu ina murza miki, ban san abin da nake yi ba. Kikan ce, "Ja a hankali, ƴar nan, hannun nawa ne har yanzu." Haka ya naɗe a ƙirjinki har kika bar mu.

Bana ma damina ta yi gardama. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Ɗakin yara masu tamowa inda nake aiki ya cika har baranda. Akwai wata Zainabu da aka kawo daga Dogo, ta samu abinci ta yi kumatu, amma ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Kullum nakan lanƙwasa mata in miƙar. Shekaranjiya ta kama zanena ta tashi tsaye. Uwarta ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa ban san ko aikina ne ko lokacinta ne ya yi ba. Wannan rashin sanin ne ke cina.

Da na je Yamai ganawa da malaman da ke tantance mu, sun nuna mini hoton wata na'ura. Na ce ban taɓa ganinta ba. Ɗayansu ya yi murmushi. Har yau ina juya murmushin nan, na rasa ko na tausayi ne ko na yabo.

Yaya Lawali ya ce in na tafi wa zai taya shi riƙon gida a shekara irin wannan. Gaskiyarsa ce. Baba bai ce in tafi ba, bai ce in zauna ba, amma da ya dawo daga masallaci sai ya tsaya bakin ɗakina ya ce, "Sun kira?"

Abin da ya fi damuna, Innata, gurbina yana hannun wani ɗan mutane da ban sani ba, shi ma uwa ta haife shi. Na rasa yadda zan roƙi Allah ba tare da na yi masa mugun fata ba. Jiya dai na samu lafazin: Allah Ya ba shi abin da ya fi wannan alheri, har ya bar shi da murna.

Ke kuma Allah Ya haskaka kabarinki, Ya tashe ki da hannuwanki biyu a miƙe.

Taki har kullum,
Ramatu
Damagaram