A Dawo Mana da Adda Rahila

Zuwa ga Shugaban Cibiyar Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa, Jimeta.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata.

Sunana Hajara, ɗinki nake yi a Karewa. Sau biyu ina zuwa ofishinka ana cewa ka yi tafiya, shi ya sa na rubuto a fili, don hankalina a tashe yake.

1. Yayana, Hamma Buba, malamin firamare ne. Ranar da 'yan bindiga suka shiga garinmu, a gabansa aka kashe abokin aikinsa. Da ƙafa muka gudo. Ya yi shekaru ba ya iya tsayawa gaban allo. Ko tayar mota ce ta fashe, sai ya kwanta ƙasa yana makyarkyata.

2. A cibiyarku muka haɗu da Adda Rahila. Asalinta nas ce, ta yi aiki a sansanin gudun hijira, sannan ta koma jami'a ta karanci aikin ba da shawara. Ranar farko ta nuna mana takardunta ba mu tambaya ba, ta ce haƙƙinmu ne mu san wanda za mu buɗe wa ciki. Kirista ce daga wajen Numan, amma ita ke tuna wa Hamma azahar ta yi. Ba ta taɓa matsa masa ya ba da labarin ranar nan ba. Wata uku suna maganar barci da abinci, da yadda zai ja numfashi in ƙirjinsa ya fara bugawa. In Hausa ta ƙare masa, ta bi shi da Fulatanci. Bara ya koma koyarwa a Ngurore.

3. Watan jiya muka zo, aka ce an canja mata wurin aiki. Ko sallama ba su yi da Hamma ba. Wanda ya maye gurbinta ban ce mugu ne ba, amma da na tambayi abin da ya karanta, ya ce ba hurumina ba ne. Ya buɗe fom, ƙofa a wangale, mutane na benci suna ji, ya ce Hamma ya faɗi komai daga farko. Hamma ya miƙe ya fita, ko hularsa bai ɗauka ba.

4. Yau mako uku bai je makaranta ba, hedimasta ya aiko cewa zai nemi wani malamin. Matarsa ta ce loma biyu yake yi ya ture kwano. Ni kuwa ina taka keken ɗinki, waya na ƙara gabana na faɗuwa.

Ranka ya daɗe, ina roƙo a dawo da ita. In ba zai yiwu ba, a ba ta rana ɗaya ta zauna da Hamma da sabon ma'aikacin, ta damƙa shi da hannunta. Kuma a riƙa gaya mana ko su wane ne ke duba mutanenmu. Don Allah kada a ce mu jira sai an yi taro; ban san halin da zan sami Hamma a ciki gobe ba.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare iyalinka daga ganin abin da muka gani.

Wassalam.

Hajara, ƙanwar Buba
Karewa, Jimeta