Giga Huɗu da Littafi Dubu Uku

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Gaisuwar ta ƙare a nan, abin da ya rage faɗa ne.

Da biro nake rubuto maka, domin kwamfutar da ka ce in saya tana can kan tebur tana tunani tun hantsi. Ka tuna amsarka da na nemi shawara? "Yaya, ki ɗauki mafi araha, ai rubutu kawai kike yi." Rubutu kawai. Shekara ashirin da uku ina riƙe da ɗakin karatun nan, yaron da na koya wa riƙe fensir ne zai ce mini rubutu kawai.

Ga abin da ke faruwa. Sabon shugabanmu, wanda nake kira Mai Kwat, ya gaya wa hukumar ɗakin karatu cewa ya sauka ɗakin ƙasa da kansa, ya duba tsofaffin littattafan da ke can ɗaya bayan ɗaya, ya tarar tarkace ne. Wai a sayar wa masu awo da kilo, a mai da wurin zauren taro. Littafi dubu uku da 'yan kai. Na miƙe na ce ƙarya ne. Shugabar hukumar tsohuwar alƙaliya ce, ba ta son surutu. Ta ce in kawo hujja cikin mako shida: cikakken jeri, sunan littafi da marubuci da kantar da yake. In na kasa, motar masu kilo ta zo.

Na fara lafiya. Ina ɗaukar hoton bangon kowane littafi da waya, ina zubawa cikin fayil guda. A na ɗari biyu da goma kwamfutar ta fara ɗingishi. Sai in danna harafi, in je in sha ruwa, in dawo in tarar bai iso ba. Yau ta sandare gaba ɗaya. Fuskarta kuma dishi-dishi, in na karkata kai kaɗan sai launin ya juye.

Kai ne mai gyaran kwamfuta. Ka yi mini bayani da harshen mutane. Ka gaida kowa.

Yayarka.

Yaya babba,

Barka da aiki, ya yaran? Na karanta wasiƙarki a tsaye, don girmamawa da kuma tsoro.

Laifina ne, amma ba duka ba. Kin ce rubutu, ba ki ce hotuna ba. Abin da ake kira ram kamar teburin aiki yake, naki giga huɗu ne, wato ɗan teburin shayi. Kin jibga masa hoto ɗari biyu lokaci guda, ina zai sa hannu? Ƙarawa kuma ba ta yiwuwa, an liƙe shi da dalma a jikin injin. Ma'ajiyarta giga sittin da huɗu ce, kusan rabi manhajar da ke tafiyar da ita ta cinye. Injin da ke cikinta jaki ne, ba doki ba: ba ya gudu, amma ba ya cin abinci da yawa, ba ya zafi, shi ya sa ba a sa masa fanka ba.

Na ba direban motar kaya tsohuwar kwamfutata ya kawo miki. Giga goma sha shida ce, za ta haɗiye hotunanki ba ta yi gyatsa ba. Sai dai tana da nauyi, fankarta kamar injin niƙa, batirinta kuma ba ya cika awa guda. Kada ki raba ta da soket.

Ki yi haƙuri da Mai Kwat, kada ki cinye shi ɗanye.

Ƙanenki mai biyayya.

Auta,

Ina gaishe ka. Giwarka ta iso, mun gode.

Na sauka da ita ɗakin ƙasa, matakala ashirin da biyu, kafaɗata tana tsine maka. Ta yi aiki kamar walƙiya minti hamsin, sannan ta ce ga garinku. A ɗakin ƙasa babu soket, Auta, ko ɗaya. An yanke wayoyin tun shekarar da ruwa ya shiga, fitilar hannu muke ratayewa. Don haka ko dai in riƙa hauro da littafi dubu uku wurin giwa, ko in koma wa jakina. Fankarta kuma ta zuƙi ƙurar kantoci har tana tari.

Maganarka ta teburin shayi ce ta tsaya mini. Na zauna ina hararar tsohon akwatinmu na katunan jerin littattafai, mai aljihu sittin, wanda Mai Kwat ya sa aka tura bayan ƙofa. Waɗanda suka ƙera shi ba su taɓa jawo aljihu sittin lokaci guda ba. Ɗaya suke jawowa, su mayar, su jawo wani. Sai na koma wa ƙaramar tawa na yi haka. Kowace kanta da fayil ɗinta. Hotuna na kwashe su zuwa katin memori, na bar lamba kawai a jeri. Ba na buɗe komai sai abin da nake yi. Na kashe mata intanet, domin ranar Talata ta ga dama ta ce za ta sabunta kanta, ta cika cikinta har ba wurin ajiye layi ɗaya, na yi asarar wuni ina share shirgin da ta zo da shi tun daga shago.

Yanzu ina ɗora ta a kan keken tura littattafai, ina bin kanta kanta daga takwas zuwa huɗu, caji ɗaya. Madannanta kuwa masu daɗi ne, wannan ban ƙi yabawa ba. Na kai dubu ɗaya da ɗari tara. Saura kwana goma sha shida. Idona yana ruwa saboda fuskar nan tata, amma ban mutu ba.

Ka gaida maiɗakinka, ita ce mai hankalin gidan.

Yayarka.

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Nemi wuri ka zauna.

Jiya hukuma ta zo, mutum biyar. Alƙaliya ta ce a ɗakin ƙasa za a yi, a gaban littattafan. Mai Kwat ya sauko da tasa kwamfutar, wata baƙa mai sheƙi da fitilu a madannai. Ya ce a zuba jerin a tasa, "don kada mu kwana muna jiran ta Malama." Aka zuba. Ba zan ɓoye maka ba, fayil sittin ta buɗe kafin in ƙifta ido, na ji kishi har wuya.

Alƙaliya ta riƙa kiran suna daga tasa, ni ina nemowa da tawa, in miƙa mata littafin a hannu. Tawa takan yi jim kafin ta buɗe, sai Mai Kwat ya yi murmushi yana kallon agogo. Na ce, "Ranka ya daɗe, tunani take yi kafin ta yi magana. Hali ne mai kyau." Sakataren hukuma ya shaƙe da dariya.

Mun kai littafi na talatin da ɗaya sai tasa ta yi ƙara, fuskarta ta dushe. Ya zaro wayar caji daga jaka, ya sunkuya yana laluben bango. Ya leƙa bayan kanta, ya zaga ginshiƙi, gwiwar wandonsa duk ƙura. Ya ɗago ya ce mini, "Malama, ina soket ɗin nan yake?"

Wallahi na ciji harshena. Alƙaliya ce ta cire tabarau ta ce, "Shugaba, ba kai ka ce ka duba littattafan nan ɗaya bayan ɗaya ba? Kwana nawa ka yi a ɗakin nan ba ka lura babu wuta ba?"

Fankar tasa ta yi ƙarar ƙarshe ta mutu.

Aka ci gaba da tawa. Awa uku, littafi tamanin, biyu kawai na kuskure kanta, su ma na gano su. Ko rabin batirinta bai ƙare ba. Aka rubuta hukunci a wurin: littattafai suna nan, za a ja wuta ɗakin ƙasa, a sa tebura huɗu na masu karatu. Akwatin katuna ma ya dawo mazauninsa, Mai Kwat da kansa ya kama gefe guda.

Ka gaida yara.

Yayarka.

Yaya babba,

Barka da arziki. Na karanta wa maiɗakina sau biyu. Kin ga dai shawarata ta yi rana. Tunda za a ja wuta, ki riƙe giwar, ki aiko mini da ƙaramar in ba wa ɗiyata.

Ƙanenki.

Auta,

Lafiya lau muke. Giwarka tana hanya, ka tari direba gobe. Ƙaramar tana da aiki: akwai jaridun shekara arba'in a ɗakin baya, can ma babu soket.

Rubutu ne kawai.

Yayarka.