An Cire wa Balki Haƙuri

Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara, ya zafin Maraɗi? Mu nan unguwar Adjamé lafiya lau.

Haƙorin nan da ya hana 'yarki Balki cin abinci, jiya na bar wa maƙwabciya girki na kai ta asibitin Treichville aka cire. Ba ta yi kuka ba, ni ce na runtse ido. Kin san Faransanci ya cinye Hausarta. Muna dawowa ta tari babanta: "Baba, likita ya cire mini haƙuri." Ya ce, "Wannan ai dama ba ki da shi."

Saura ƙaninta, ranar Litinin. Inna ta sa ni a addu'a, kada a cire nawa. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hadiza