Ƙahonin Baffa a Hoton Arinda

Kazo, 14 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Jovanis,

Gaisuwa mai tarin yawa daga nan gida, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sa zafin Mombasa bai sake tayar miki da ciwon ƙafar nan ba. Mu nan lafiya lau. Uwargida Kellen ta rabu da tari, ciyawa ta yi shar, shanu kuwa suna zuba madara har sai motar kamfani ta zo sau biyu a rana.

Labarin 'yarki Arinda ne ya sa na ɗauki biro. Kin san tana shekarar ƙarshe a sashen aikin jarida. Aikin da sakamakonta ya rataya a kai shi ne kowane ɗalibi ya koma garinsu ya ɗauko hotunan ƙasar, tudu da kwari da sarari, yadda duk wanda ya gani zai gane wurin ba sai an faɗa masa ba. Kyamarar ta makaranta ce, aron kwana huɗu kacal. To ke kin san ƙanen naki. Ni da na baro makaranta a aji uku na sakandare, na fara da keke ɗaya da tulun madara biyu, ba zan yarda 'yata ta kai aikin kunya ba. Kafin ta iso na sa an shafe shinge da farin fenti, an daidaita ciyawa, an wanke shanuna 'yan asalin Turai da sabulu har suna ƙyalli. Ta zo ta zagaya, ta riƙe hannuna, ta ce gonata ta yi kyau ƙwarai, amma tamkar hoton jikin gwangwanin madara take, malamarsu za ta ce daga kalanda ta kwafo. Abin da take so, dogayen ƙahonin shanunmu na gado a kan tudun Kigarama, rana na fitowa ta bayansu.

Yaya, wa ya rage da irin shanun nan in ba Baffa Rwakishaya ba? Kin kuma tuna abin da bakina ya ja mini a bikin Mwine, da na ce a gaban jama'a shanunsa ƙaho ne kamar rassan itace, nono kuwa ko cikin cokali babu. Shekara huɗu ban taka garkensa ba. Na yi wa Arinda tayin mu nemi na wani a Sembabule, ta ce kwana ɗaya zai tafi a hanya. Na kalle ta, na ɗauki makullin mota.

Da Baffa ya hango ni sai ya ɗaga murya, wai yau manajan madara ne da kansa a garken talakawa, a shimfiɗa masa jarida kada takalminsa ya taka kashin shanu. Na haɗiye, na durƙusa na gaishe shi. Arinda ta yi masa bayani: hasken da take so minti ashirin ne bayan fitowar rana, daga nan ya yi kauri ya ɓace. Ya ce 'yar nan, shanunsa ba sa fita ba a tatse su ba, ko shugaban coci ne zai ɗauki hoton. In ana son su hau tudu da wuri, sai a fara tatsa da asuba, kuma hannu bai isa ba. Sannan ya juyo gare ni ya ce, ko injin tatsa ya cinye mini yatsu ne?

Talata da asuba ga ni a tsugune, ƙoƙon itace tsakanin gwiwoyi, abin da rabona da shi shekara ashirin. Jar saniyarsa Bihogo ta sharara mini wutsiya a ido sau biyu, Baffa na dariya yana cewa ta ji abin da na faɗa a biki ne. Amma fa ba yabon kai ba, na riga kowa cika ƙoƙo. Arinda tun ranar Litinin ta sa dutse a inda za ta kafa sandar kyamarar nan mai ƙafa uku, ta roƙi a bar hayaƙin garke yana tashi don haske ya ratsa shi, ta hana kowa sa rigar ruwa mai launi. Ranar farko gajimare ya rufe rana, muka sauko jiki a sanyaye. Ta biyu shanun suka watse. Ta uku, wadda daga ita sai mayar da kyamara, Baffa da kansa ya hau tudun da sandarsa, ya yi musu kira ɗaya, suka jeru a kan doron tudu kamar an yi musu layi. Rana ta ɓullo ta tsakanin ƙahonin. Nan take Arinda ta danna kyamara.

Da ta nuna wa Baffa hoton a bayan kyamarar, shanun baƙaƙe ne kamar inuwa, amma ya bi su da yatsa yana kiran sunan kowace daga lanƙwasar ƙahonta, bai kuskure ko ɗaya ba. Sai ya ce yarinyar da ta iya kallon saniya haka ba za ta zauna ba saniya ba, ya ba ta karsana, 'yar Bihogo. Jiya malamarta ta aiko cewa an karɓi aikin, kuma hoton za a rataye a zauren sashensu.

Karsanar tana gonata yanzu, ja ɗaya tilo a tsakiyar masu baƙi da fari. Ƙahonta bai kai kamu ɗaya ba tukuna, amma na riga na kira kafinta ya faɗaɗa ƙofar rumfar, don na san inda zai kai.

Ki gaishe mini da maigidanki Mugyenyi, da Ampaire da ƙanwarta. Kellen na gaisuwa, Baffa kuma ya ce in ce miki man shanunki na nan yana jira.

Ƙanenki,
Erisa Katurebe