Ka Sauko Daga Dandamali, Heriberto

Ya kai Heriberto, sanyin idona, iskar tekun da ke shigo mini ta taga ranar da unguwarmu ta Bronx a New York ta yi zafi kamar murhu, ruwan kwakwata a tsakar rana! Ina gaida hannayen nan naka masu kanta, masu sa busasshiyar fata ta yi magana. Ina gaida kafaɗunka da murmushinka. Ƙafafunka ma ina gaishe su, duk da har yau ban gano amfaninsu ba, in ban da kai ka tashar jirgi su dawo da kai.

Wace irin soyayya ce wannan, masoyina? Tun shigowar bazara, kowace Lahadi ina gindin dandamali a bakin tekun Orchard, kai kuma kana can sama tsakanin masu busa ƙaho, ka rungume gangunan konga, ido a rufe, gumi na zuba, kana girgiza jama'a tun daga masu sayar da soyayyar ayaba har masu wanka a ruwa. Ka san tsarin filin rawar salsa: duk wanda ya miƙo hannu cikin ladabi, ba a hana shi waƙa ɗaya. Shi ya sa na yi rawa da Don Fermín mai aski, wanda ke ƙidayar taku da leɓe. Na yi da Wilfredo direban bas, wanda turarensa ke riga shi isowa. Na yi da wani mai haƙorin zinare da ko sunansa ban tambaya ba. Dukkansu da kiɗanka suke juya ni! Kai ke dafawa, maƙwabta na cinyewa, kana ta gyaɗa kai kamar an yi maka kyauta. Ko ɗan kishi ba ka yi ne? Ni dai ina yi, kuma da ganga nake yi.

Ka tuna ranar da ƙungiyarku ta huta, makaɗan Brooklyn suka hau dandamali? Na janyo ka fili da ƙyar. Ka ɗora hannunka a bayana, wayyo Allah, sai na ji kamar ruwan farko ya sauka a busasshiyar ƙasa! Muka fara, kana bi a hankali, har na soma yi wa Wilfredo kallon banza. Sai mai gangarsu ya ɗan yi nawa a kiɗan. Ba wanda ya ji a filin nan sai kai. Ka tsaya cak a tsakiyar mutane, ka karkata kai, ka haɗe gira, yatsunka suka shiga gyara masa kiɗa a gadon bayana. Ana ta tunkuɗe mu hagu da dama, ni na zama ganga, kai kana faɗa da mutumin da bai san kana yi ba. Na ji kunya, gaskiya. Amma bayana bai manta yatsun nan ba, kuma ba ya so ya manta.

Abin da ba ka sani ba, kakata Provi tana kan kujerarta ta naɗewa, da mahucinta, ta ga komai. Da na dawo ta ce, "Nilsa, wannan naki rawa ya zo yi ko gyaran mota? Ji yadda ya tsaya yana sauraren inji!" Tun ranar, in ka rusuna ka ce, "Doña Provi, a sa mini albarka," ba ka lura da amsarta ba? "Allah ya yi wa hannuwan albarka, ɗana. Sauran jikin sai mun gani."

Kada ka ɗauka wasa ne kawai. Matar nan ita ta raine ni. A kan ƙafafunta na koyi taku, a ɗakin girki, shinkafa na kan wuta. A filin rawa na garin Ponce, can tsibirinmu, ta zaɓi marigayi kakana, don ta lura ba ya juya ta sai ya duba wanda ke bayanta. Har gobe da wannan take auna namiji. Kuma ka san ta shirya komawa tsibiri gaba ɗaya kafin sanyi ya sauko.

Lahadi mai zuwa ce ta ƙarshe, daga ita za a kwance dandamali sai baɗi. Na riga na yi magana da abokinka Anselmo, ya yarda zai riƙe maka gangunan waƙa ɗaya. E, na sani, hannunsa na da gaggawa. Zai yi sauri, za ka ji shi har cikin haƙoranka, kuma za ka jure! Ka bar shi ya gudu da kiɗan har cikin teku in ya ga dama, kai dai ka dube ni. Ka take mini yatsu, zan yi murmushi. Ka ɓata taku, zan ɓata tare da kai, su ɗauka sabon salo ne. Me zai gagari mutumin da ke riƙe da ƙafafun dubban mutane, don an ce ya riƙe mace ɗaya?

Jiya tana shirya akwati na tambaye ta, in ka sake tsayawa fa? Ta daɗe tana ninke tawul ɗaya, sannan ta ce, "To sai in fasa tafiyar, 'yar nan. Ba zan bar ki a hannun wanda hankalinsa ke wani wuri ba. Sanyi ɗaya ne, zan ƙara." Heriberto, likita ya riga ya gaya mana ƙirjinta ba zai ɗauki wani sanyin New York ba, kuma ta sani.

Ka sauko, hasken raina. Ka riƙe ni a gabanta, ka bar tsohuwata ta tafi gida.

Taka a bana da baɗi, da duk shekarun da Allah zai ara mini,

Nilsa