Filogin Firijin Baba

Dutsen Kura, Minna.

Zuwa ga Yaya Dawuda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da Anti Barira da yara kuna lafiya, sanyin ƙasar bai takura muku ba. Allah ya ƙara lafiya, ya dawo mana da ku cikin alheri. Mu nan zafi ne kawai, ruwa bai sauka ba tukuna. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, autarmu Nana Khadija ta koma makaranta. Baba ne ba ya jin daɗi, kuma dalilin wasiƙar ke nan. Na rubuta ne in ɗauki hotonta in turo maka, don a gidan nan babu lungun da mutum zai yi waya ba a ji shi ba.

Ina rubutun nan ƙaninka Sadiq na tsaye a kaina yana ta bayani, a zatonsa darasin ɗalibaina nake shiryawa. Zancen bai wuce ƙananan kwamfutocin nan na hannu da ofishinku ya sallama ka turo masa ba. Ya jera su a kantar tsohon ɗakinka, ya haɗa su da wayoyi, suka zama kamar kwamfuta ɗaya mai kawuna da yawa, kowace da nata kason lissafin. Hasashen ruwan sama suke yi wa manoman Garatu da Beji, aikin digirinsa na biyu. Ya ce kowaccensu ba ta cin wutar da ta wuce ta ƙwan fitila. Gaskiya ne, tarawa ce dai bai yi ba. Lissafin yakan ɗauki kwanaki, in wuta ta ɗauke sai a koma farko, don bai rubuta ɓangaren da zai riƙa adana aikin ba. Ya taɓa rasa shi haka, malaminsa kuma ya ce wannan watan ne na ƙarshe.

Wutar kuwa ka san ta. Madatsar ruwan Zungeru mai ba da lantarki na nan kusa da mu, muna jin labarinta kamar na dangin da suka yi arziki. Batirin inbatan nan mai ajiyar wuta da ka saya don firijin Baba, inda ake ajiye allurarsa ta ciwon suga, shi ke ɗauke da firij da na'urorin gaba ɗaya. In ya kusa ƙarewa sai ya fara kuka. Kwanan nan na lura da ya fara kukan sai ya daina. Na kuma lura Baba na yawan shan ruwa da zagayawa, yana gyangyaɗi ana cikin magana, sugansa na hawa alhali ba ya fashin allura. Jiya na dawo da wuri, na buɗe firij na tarar da shi da ɗumi, kwalbar allurar ma haka. Filogin na ƙasa, an naɗe wayarsa tsaf yadda Baba ke naɗe carbinsa. Sadiq bai taɓa naɗe komai ba tun da aka haife shi.

Na sami Baba a zaure, bai musa ba. Ya ce da inbata ya fara kuka yakan cire firijin, in an kawo wuta ya mayar. Ya ce ya ƙare ƙarfinsa a reluwe bai bar wa kowa komai ba sai suna, yanzu Allah ya ba shi ɗan da manoma za su amfana da shi, ba zai zauna yana kallon aikin ya lalace saboda wata 'yar kwalba ba. Na ce masa zafi na kashe ƙarfin allurar, kusan ruwa yake tsira wa kansa. Ya ce Allah ke warkarwa. Na ce haka ne, kuma Shi ya hore mana firij. Bai yi dariya ba. Ya sa na yi alƙawarin ba zan gaya wa Sadiq ba, don ya san nan take zai kashe na'urorin. Na yi masa. Sunanka dai bai fito a cikin alƙawarin ba.

Don Allah Yaya, da ka karanta ka kira Sadiq, sannan ka kira Baba, kai ne kaɗai yake bari ka kai ƙarshen magana. Kuma kada ka turo ƙarin kwamfuta. Na sayo sabuwar allura, zan kai ta firijin maƙwabciyarmu Mama Rose mai wutar sola, in riƙa ɗaukowa safe da yamma. Baba ya ce in na fita da maganinsa unguwa ta ji gidansa ya kasa riƙe shi, ba zai ƙara karɓar allura daga hannuna ba. Yanzu na ajiye biro na je na ce masa zan kai. Ya dube ni, ya tashi, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Lokacin allurar yamma kuwa ya kusa.

Ka gaishe da Anti Barira, da yara Aishat da Maiwada. Inna na gaishe ku, ba ta san komai ba. Ni zan fita da maganin. Na'urorin na can suna lissafin ranar da ruwa zai sauka, ni dai na ɗauki lema, don hadari ya haɗu ta wajen Bosso.

Ƙanwarka,
Aziza.