Abin da Inna Ta Fita da Shi

Yaya Taiba,

Jami'a ta amince da binciken jikata Hamdiyya! Na ma manta gaisuwa. Ya jiki, ya mutanen Dosara? Ni lafiya lau a Ibadan, ƙafa ce kawai ba ta son tsayuwar gadi.

Hamdiyya za ta kwatanta yadda maza da mata ke ba da labari ɗaya, ta zaɓi tashin da aka yi mana daga garinmu lokacin gina dam ɗin Bakolori. Na jero mata sunayen gonaki. Ta tambayi abin da Inna ta fita da shi, na rasa amsa. Tun ranar na kasa zama. Ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka gani.

Don Allah ki riƙa shan magani. Muna tafe bayan Salla, ni da Hamdiyya, ki ba ta labarin da bakinki. Kowa ya zo ya ga ana ɗaukar muryarki, ni ina saurare.

Ƙanenki,
Nasidi